Tarihin Harsasan Farauta: Wace Bindiga Ta Dace da Sabon Maharbi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya ce yakan ji ana ambaton bindigogin farautar Turawa da lambobi, wai wannan 308 ce, waccan 30-06 ce, waccan kuma 375. Yana so mu ba shi tarihin waɗannan lambobi, sa'an nan mu gaya masa wacce ake ba wanda ya fara koyon farautar manyan namun daji a ƙasashen da ake wannan sana'a. Ya ƙara da cewa a ganinsa wadda ta fi girman baki ita ce ta fi kyau.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, Turawa ma da haka suka ɗauka, kuma sun shafe fiye da shekara ɗari suna shan wuya kafin su gane cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bindigar da ta dace da sabon shiga ita ce wadda ƙarfinta ya ishi dabbar da zai harba, kuma kafaɗarsa za ta iya ɗaukar shurinta har ya sa harsashi inda ya nufa. Bari mu bi tarihin daki-daki, ka ga yadda aka zo nan.

Me lambobin suke nufi?

Da farko dai, lambar da kake ji awon faɗin ramin bututun bindiga ne, wato kaurin harsashin da ke bi ta ciki. Ingila da Amurka suna awo da inci, sauran ƙasashen Turai kuwa da milimita. Idan aka ce .30, ana nufin kashi 30 cikin 100 na inci ɗaya, wato milimita 7.62, kusan kaurin fensir ke nan. Lamba ta biyu kuwa kowane maƙeri da abin da ya nufa da ita. A .30-06, lambar 06 tana nufin shekarar 1906 da sojojin Amurka suka fara amfani da harsashin. A .30-30, talatin ta biyu awon albarushin da ke ciki ne, kusan giram 2. A 7x57 ta Jamus, 7 kaurin harsashi ne, 57 kuma tsawon kwansonsa da milimita.

A nan akwai abin lura. Harsasai biyu suna iya zama kauri ɗaya amma kwansonsu ya bambanta. Alal misali .308 da .30-06 kaurinsu ɗaya, amma na biyun ya fi tsawo, kuma ba a musanya su. Shi ya sa ake buga lamba a jikin bututu, a kuma buga ta a gindin kwanso, domin mai harbi ya duba ya ga sun yi daidai. Wanda ya cusa harsashin da ba na bindigarsa ba, yana iya fasa ta a fuskarsa.

Zamanin manyan baki

A da can, kafin shekarun 1880, albarushi iri ɗaya ne a duniya, wato baƙin nan mai hayaƙi da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da gishirin albarushi, irin wanda maharbanmu suke ɗura wa adaka. Wannan albarushi ba ya iya tura harsashi da gudun da ya wuce kamar mita 400 zuwa 500 a daƙiƙa ɗaya. Tun da ba a iya ƙara gudu ba, dabara ɗaya ta rage wa mai son kayar da giwa ko ɓauna, wato ya ƙara nauyin dalma.

A wancan zamani ana ƙidaya girman baki ne da yawan dunƙulen da za a fitar daga laba ɗaya ta dalma. Bindiga mai lamba 12, dunƙule goma sha biyu ke cika laba. Mai lamba 4 kuwa huɗu kacal, wato kowane dunƙule ya haura giram 110, kuma bakinta ya kai inci guda. Ka ga ke nan a wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar bindiga.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Samuel Baker, wanda ya yi yawon neman mafarin kogin Nilu a shekarun 1860, yana da wata bindiga mai harba rabin laba a tashi ɗaya. Larabawan Sudan da ke tare da shi suka sa mata suna 'yar igwa. Shi da kansa ya rubuta cewa in ya harba ta sai ta juya shi, ta bar shi da ciwon kai, saboda haka ba kasafai yake taɓa ta ba.

Sai kuma Frederick Selous, wanda ya sauka a Afirka ta Kudu cikin 1871 yana ɗan shekara 19, ya nausa ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Da bindigogi masu lamba 4, waɗanda ake ɗurawa ta baki, ya kashe giwaye 78 a shekarunsa na farko. Wata rana ana cikin bin giwa, bindigar ta ƙi tashi, mai riƙe masa ita bai sani ba ya sake yi mata wani ɗuri a kan na farko. Da Selous ya ja kunama sai ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ta tsaga masa kunci, ta ji masa ciwo a kafaɗa. Daga baya ya rubuta cewa shurin waɗannan bindigogi ya taɓa masa jijiya har ya rage masa iya saiti, kuma ya yi da-na-sanin amfani da su. Ka riƙe wannan magana ta Selous, Malam, domin ita ce ginshiƙin amsarmu. Mutum ne da ya yi suna a harbi, amma babbar bindiga ta koya masa tsoron kunama.

Albarushi marar hayaƙi

Abubuwa uku ne suka sauya al'amarin. Na farko, yi wa cikin bututu zare mai murɗawa, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak bai karkace ba. An daɗe da sanin wannan dabara, amma sai a tsakiyar ƙarni na 19 ta game gari. Na biyu, cikin 1882 wani hafsan sojan Suwizalan mai suna Eduard Rubin ya fito da harsashin dalma da aka sa wa rigar jan ƙarfe, domin kada dalmar ta narke ta manne a bututu in gudu ya yi yawa. Na uku, kuma mafi girma, cikin 1884 wani masanin haɗa magunguna na Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikin 1886 sojojin Faransa suka fito da bindigar Lebel mai milimita 8, wadda ita ce ta farko da aka yi domin wannan sabon albarushi. Ingila ta bi baya da nata, mai suna kodayit, cikin 1889.

Me ya sa gudu ya zama abin nema haka? Masana lissafi sun nuna cewa in ka ninka nauyin harsashi sau biyu, ƙarfin dukansa sau biyu zai ninku. Amma in ka ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin sau huɗu zai ninku. Bugu da ƙari, harsashi mai gudu ba ya saurin sunkuyawa ƙasa, saboda haka ya fi sauƙin saiti daga nesa. Da haka harsashi mai giram 10 ko 11, mai gudun mita 700 zuwa 800 a daƙiƙa, ya shiga yin aikin da a da sai ƙaton dunƙule, kuma bai karya kafaɗar mai harbi ba.

Daga fagen yaƙi zuwa dajin farauta

Yawancin harsasan da mafarauta suke ji da su a yau, soja aka fara yi wa. Ingila ta karɓi .303 cikin 1888. Paul Mauser na Jamus ya fito da 7x57 cikin 1892, sojojin Sifen suka karɓe shi cikin 1893. Suwidin da Norwe suka haɗa kai suka yi 6.5x55, wanda suka fara aiki da shi cikin 1894.

Cikin 1898 Amurka ta gwabza yaƙi da Sifen a tsibirin Kuba. A wani tudu da ake kira San Juan, 'yan ɗaruruwan sojojin Sifen masu riƙe da Mauser 7x57 suka yi wa dubban sojojin Amurka ɓarna mai yawa kafin a ci su. Wannan ya sa Amurka ta koma ta ƙera bindigar Springfield ta 1903, wadda ta kwaikwayi Mauser har sai da aka biya kamfanin Jamus ɗin kuɗin fasaharsa. Shekara uku bayan haka aka gyara harsashinta, aka sami .30-06. Da shi Amurka ta yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin Koriya.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ke faruwa in kaya suka yi yawa. Da aka gama yaƙe-yaƙen nan, gwamnatoci suka yi gwanjon bindigogi da harsasai da araha, ga kuma miliyoyin tsofaffin sojoji da hannunsu ya riga ya saba da su. Shi ya sa .30-06 ya zama na kowa a Amurka, .303 ya bazu a Kanada da Ostareliya da kudancin Afirka, 6.5x55 kuma ya zauna a Suwidin da Norwe, inda aka shafe fiye da shekara ɗari ana harbin mus da shi. Mus wata ƙatuwar barewa ce ta ƙasashen sanyi, wadda namijinta kan kai nauyin bijimin sa. Ka ga ɗan siririn harsashi, ga kuma girman abin da yake kayarwa.

Su ma kamfanonin farar hula ba su zauna ba. Winchester ya fito da .30-30 cikin 1895, sa'an nan .270 cikin 1925, wanda wani marubucin farauta, Jack O'Connor, ya yi ta yabawa shekara da shekaru a mujallar Outdoor Life. Cikin 1952 aka fito da .308, wanda ya kusan kamo .30-06 a ƙarfi amma kwansonsa ya fi gajarta, kuma ɗan'uwansa ne ƙungiyar tsaro ta NATO ta karɓa cikin 1954. Daga kwanson .308 ɗin nan aka matse baki aka sami .243 cikin 1955, da 7mm-08 cikin 1980.

Darasin Karamojo Bell

A Afirka ta Gabas, mutumin da ya fi kowa nuna abin da ƙaramin harsashi zai iya shi ne Walter Bell, ɗan ƙasar Sikotlan, wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo saboda daɗewarsa a yankin Karamoja na arewa maso gabashin Yuganda. Ya fara farautar hauren giwa cikin 1902, kuma a rayuwarsa ya kashe giwaye 1,011. Kusan 800 daga cikinsu da 7x57 ya harbe su, wanda kamfanin Rigby na Landan ke sayarwa da sunan .275, harsashi mai nauyin giram 11 kacal.

Mutane da yawa sukan ji wannan labari su tsaya a nan, su ce ashe ƙaramar bindiga ta isa komai. Amma sai ka ji sauran. Bell yakan sa a tsaga masa ƙoƙon kan giwa da zarto domin ya ga daidai inda ƙwaƙwalwa take, ya auna ta kowace fuska. Yakan matsa kusa ƙwarai kafin ya harba. Yana amfani da harsashi mai taurin kai wanda ke ratsa ƙashi bai fashe ba. Kuma kullum yana cikin gwajin ɗaga bindiga da saiti ko da babu harsashi a ciki. Wato sanin jikin dabba da yawan gwaji ne suka yi masa aiki. Wanda ya ɗauki bindigar Bell bai ɗauki iliminsa ba, ya sayi wa kansa kabari.

Domin haka ne maƙera suka nemi matsakaici saboda dabbobi masu haɗari. Rigby ya fito da .450 Nitro Express cikin 1898. Ba a daɗe ba, a farkon ƙarni na 20, gwamnatin Ingila ta hana shigar da harsashi mai wannan kauri Indiya da Sudan, domin tsoron kada ya faɗa hannun masu yi mata tawaye da tsofaffin bindigogin soja na Martini-Henry. Wannan hani ya sa kamfanoni suka shiga ƙirƙiro wasu lambobin, irin su .470. A Jamus kuma Otto Bock ya yi 9.3x62 cikin 1905, domin manoman Jamus da suka zauna a ƙasashen Afirka, masu bukatar bindiga guda mai araha da za ta yi musu maganin ɓauna ta kuma samo musu nama. Sai .416 Rigby cikin 1911, sa'an nan cikin 1912 kamfanin Holland & Holland ya fito da .375, mai harba giram 19 da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi a farautar Afirka.

Ko tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, da ya zo farauta Afirka ta Gabas cikin 1909, bai dogara da bindiga ɗaya ba. Ya zo da Springfield mai .30 domin yawancin dabbobi, da Winchester .405 domin zaki, da babbar mai baki biyu ta Holland & Holland domin giwa da karkanda. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Zazzaɓin magnum

Bayan yaƙin duniya na biyu sai wani sabon yayi ya taso a Amurka, na ƙara albarushi domin ƙarin gudu. Irin waɗannan harsasai su ake kira magnum. Roy Weatherby ya kafa kamfaninsa cikin 1945 a kan wannan aƙida, Remington ya fito da magnum mai milimita 7 cikin 1962, Winchester kuma ya fito da .300 magnum cikin 1963. Harsasai ne masu kyau a hannun gwani, musamman a fili mai nisa. Amma sai sababbin shiga suka yi ta rububinsu, kowa yana son a ce tasa ta fi ta wane.

A nan ne ciwon Selous ya dawo. Duk bindigar da ta tura harsashi gaba, dole ta yi shuri baya, kuma gwargwadon nauyin harsashi da yawan albarushi, gwargwadon shurin. In bindigogin nauyinsu ɗaya, shurin .243 bai wuce kusan rabin na .30-06 ba, na .375 kuwa ya kusan ninka na .30-06 sau biyu. Wanda bindiga ta nausa sau biyu sau uku, jikinsa yakan koyi zabura da kansa. Kafin kunama ta faɗa ya riga ya runtse ido, ya ɗaga kafaɗa, bakin bindiga ya kauce. Shi bai san yana yi ba, sai dai ya ga harsashi ya sauka a ciki ko a cinya maimakon ƙirji. Kuma saboda harbin yana da zafi, harsashin yana da tsada, sai ya rage gwaji, abin ya ƙara lalacewa.

Abin da ke biyo baya ba ƙarami ba ne. Dabbar da aka harba a ciki takan gudu ta shige kurmi, ta kwana biyu tana shan azaba kafin ta mutu, nama ya ruɓe, ba a ci ba ba a bar ta ba. In kuwa ɓauna ce ko zaki, raunin yakan mai da ita abin tsoro ga mai harbin, da masu bin sawu, da duk manomin da ya ratsa wurin bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shi ya sa a 'yan shekarun baya kasuwa ta juyo. Cikin 2007 kamfanin Hornady ya haɗa 6.5 Creedmoor, mai sauƙin shuri da kyan saiti, kuma ya samu karɓuwa ƙwarai. Abin mamaki, aikinsa a jikin dabba bai bambanta sosai da na 6.5x55 na 1894 ba. Wato an yi doguwar tafiya an dawo inda mutanen Suwidin suke tun tuni.

Ƙirar harsashi ta fi lambarsa

Akwai wani abu da lamba ba ta faɗa maka, shi ne yadda aka ƙera kan harsashin. Na soja rigarsa a rufe take ruf, yakan ratsa ya wuce. Na farauta kuwa ana barin dalma a buɗe a tsininsa, domin in ya shiga ya buɗe kamar laima, ya yi saurin kashewa. Taron ƙasashe da aka yi a birnin Heg na ƙasar Holan cikin 1899 ya hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi, amma a farautar barewa ƙasashe da dama shi suka wajabta, domin rage wa dabba wahala.

Cikin 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi mus a Kanada da .300 magnum na Holland & Holland, amma harsashin ya tarwatse a kafaɗar dabbar bai shiga ciki ba. Ga ƙarfi, ga gudu, amma aiki bai yi ba. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu, na gaba ya buɗe, na baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da ratsawa, ya fara sayar da shi cikin 1948. Tun daga nan aka ƙara gane cewa matsakaicin harsashi mai kyan ƙira ya fi babba marar kyau.

To wacce ake ba sabon shiga?

Yanzu sai mu zo kan tambayarka kai tsaye. A ƙasashen da wannan farauta take bisa doka, masu koyarwa sukan kasa dabbobi kashi uku.

Kashi na farko su ne barewa da dangoginta, masu girman tunkiya zuwa ɗan maraƙi. A nan akan ba sabon shiga .243, ko ɗaya daga cikin masu milimita 6.5, ko 7mm-08. Shurinsu kaɗan ne, matasa da mata ma suna harba su ba wahala.

Kashi na biyu su ne manya marasa haɗari, masu girman gwanki ko saniya. A nan .270 da .308 da .30-06 su ne 'yan gida. Ga wanda zai sayi bindiga ɗaya tak ya yi komai da ita, sau da yawa .308 ake nuna masa, domin shurinsa da dama-dama, harsashinsa yana samuwa ko'ina, kuma bai yi tsada ba. Wannan batu na samuwa kada ka raina shi. Kamar injin ban ruwa ne, komai kyansa in babu kayan gyaransa a kasuwar kusa, ranar da ya tsaya ka tsaya.

Kashi na uku su ne masu haɗari, wato giwa, ɓauna, dorina, zaki. Wannan ba fagen ɗan koyo ba ne, kuma doka ma ta sa baki. A Tanzaniya ba a yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da ya gaza .375 ba. A Zimbabuwe mafi ƙanƙanta shi ne milimita 9.2, tare da ƙarfin da doka ta ƙayyade. Baƙo kuma ba ya shiga daji sai da ƙwararren maharbi mai lasisi a gefensa. Wato abin da Bell ya yi da .275, yau laifi ne a waɗannan ƙasashe.

Turai ma tana da nata ma'aunin. A Ingila, dokar barewa ta 1991 ta sa .240 a matsayin mafi ƙanƙanta ga manyan barewa. A Jamus sai milimita 6.5 zuwa sama ga manyan dabbobi masu kofato, kuma ba a ba mutum takardar farauta sai ya ci jarrabawa, har da ta harbi.

Bayan zaɓen lamba, ga abin da masu koyarwa suke nanatawa. A fara koyo da ƙaramar .22, wadda kusan ba ta da shuri, har hannu ya faɗa. A san inda zuciya da huhu suke, wato bayan kafaɗa kaɗan, wuri mai faɗin kamar faifai a jikin barewa. Nisan da mutum zai iya sa harsashi cikin faifai kowane lokaci, nan ne iyakarsa, ko mita 100 ne ko 200, ko da bindigar tana iya kaiwa ninkin haka. Kada a harba sai an ga dabbar sarai, an kuma san abin da ke bayanta, domin irin waɗannan harsasai suna tafiyar fiye da kilomita uku in ba su sami abin da ya tare su ba. A kuma toshe kunne lokacin gwaji, domin jin da ƙarar bindiga ta ɗauke ba ya dawowa.

Ina muka tsaya a wannan tarihi?

Wataƙila ka tambaya, me ya sa duk wannan canji ya wuce maharbanmu suna nan da adaka? Akwai dalili a tarihi. Ita adaka asalinta bindigar ciniki ce da Turawa, har da 'yan Denmak masu sansani a gaɓar Ankara, suka riƙa kawowa bakin teku, daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai dai masu ƙanƙara marasa zare, da baƙin albarushi. Wato a daidai lokacin da sabon albarushi ya fito, a lokacin aka rufe mana ƙofarsa.

A Nijeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, cikinsu har da bindigogin soja masu milimita 7.62 da 9, da masu .300 da .303. Akwai na farar hula, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki irin adaka, su ma da nasu lasisin daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka ga ke nan wasu daga cikin lambobin da muka ambata kaurinsu ɗaya da na soja, ba abin da mutum zai saya a ɓoye ya ce ai na farauta ne ba. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Sa'an nan kada mu manta da abin da kyakkyawar bindiga ta yi wa dajin kansa. A Amurka ɓaunar ƙasar tana da yawan miliyoyi, amma maharban fata suka yi mata ca, har cikin 1889 aka ƙiyasta saura kusan dubu ɗaya. Sai da suka kafa dokoki, har da ta 1937 mai ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai domin kula da namun daji, sa'an nan dabbobinsu suka farfaɗo. Kenya ta hana farautar giwa cikin 1973, ta hana farautar manyan namun daji baki ɗaya cikin 1977. Cikin 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. A nan gida an keɓe dajin Yankari cikin 1956, kuma dokar 1985 ta ba dabbobin da ke neman ƙarewa kariya. Giwa da zaki da suka rage mana 'yan kaɗan ne, ba na harbi ba ne ko da wace irin lamba.

To Malam, da fatan ka gamsu. In ka ji ana gardamar wace bindiga ta fi, ka tambayi mai maganar abu uku: wace dabba, daga wane nisa, kuma sau nawa ya gwada harbi da ita a bana. Sauran masu tambayoyi ku ƙara haƙuri, takardunku suna hannu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.